Tudun Shaiɗan: Yadda Balin Ta Yi da Ɓaraguzanta

Matafiyin da ya sauka Balin, babban birnin Jamus, zai lura tun da farko cewa ƙasar wurin a shimfiɗe take kamar faifai, rairayi ne da fadamu da tabkuna, babu dutse babu hawa. Amma idan ya nufi yamma, cikin dajin da ake kira Grunewald, sai ya tarar da wani tudu lulluɓe da itatuwa, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 120 bisa matakin teku. Mutanen gari suna hawansa ran hutu domin shan iska da hangen birni. Sunansa Teufelsberg, wato Tudun Shaiɗan, sunan da ya samo daga wani ɗan tabki da ke kusa da shi. A taswirar birnin ta 1945 babu wannan tudu. Inda ruwan sama ya zaizaye gefensa, gutsuren jan bulo ne ke leƙowa, da fasasshen tangaran, da ƙarfen da ya yi tsatsa. Gidajen mutane ne aka jibge a wurin, kamiyo bayan kamiyo, har tsawon shekara 22.

Ranar 2 ga Mayu 1945 sojojin da ke tsaron Balin suka miƙa wuya ga dakarun Tarayyar Sobiyet, bayan kwana shida kuma Jamus baki ɗaya ta sallama. Birnin da yake da mutum fiye da miliyan 4 kafin yaƙi ya koma yana da ƙasa da miliyan 3, mafi yawansu mata da yara da tsofaffi. Bama-baman jiragen Ingila da Amurka, da igwar Rashawa a makonnin ƙarshe, sun rushe mazaunai fiye da rabin miliyan. An ƙiyasta ɓaraguzan da suka rufe birnin da mita kubik miliyan 75, a ƙasar duka kuwa tsakanin miliyan 400 zuwa 500. Irin wannan adadi ba ya zama a kai sai an kwatanta shi da abin da ido ya saba gani. Idan aka ce kamiyo guda yana ɗaukar mita kubik 10, to na Balin kaɗai sai an yi lodi miliyan 7 da rabi, a garin da ba shi da man fetur, ba shi da taya, dawakansa kuma an cinye su ko sun mutu.

Sauran matsalolin duk suna bayan wannan. Ba a gyara bututun ruwa sai an kai gare shi, ba a kai gari gidan burodi sai hanya ta buɗe. Ƙarƙashin tarkacen akwai gawawwakin da ba a binne ba, akwai ɓeraye, akwai bama-baman da suka faɗo ba su fashe ba. Na ƙarshen nan har yanzu ba su ƙare ba: a watan Satumba na 2017, a birnin Frankfurt, sai da aka kwashe mutum wajen dubu 60 daga gidajensu yini guda domin kwance wani bam na Ingila da maginan zamani suka tono a wurin aikinsu. Bangayen da suka rage tsaye kuwa, ba rufi ba madogara, iska kaɗan tana iya kayar da su kan masu wucewa.

Sai dai abin da ya toshe hanya shi ne kuma dukiyar da ta rage. Masana'antun gasa bulo sun tsaya saboda rashin gawayi. A yankin da Sobiyet ta mamaye an kwance injuna masu yawa, har da layukan dogo, an aika da su gabas a matsayin diyyar yaƙi. Wanda ke son toshe ramin bango kafin sanyi ya shigo ba shi da inda zai sami bulo sai cikin kangon maƙwabcinsa. Shi ya sa tun watannin farko hukumomin birnin suka dubi tarin ɓaraguzan da ido biyu, a matsayin shara da za a kawar, da kuma ma'adini da za a haƙa.

Domin gane dalilin da ya sa haƙar ta yiwu, sai an koma baya shekara saba'in ko tamanin. Balin ta yi girmanta ne cikin gaggawa daga wajen 1860 zuwa 1914, lokacin da aka cika unguwanninta da manyan gidajen haya masu hawa biyar. Da jan bulo aka gina su, wanda ake gasawa a garuruwan karkarar Brandenburg kamar Zehdenick da Glindow da Rathenow, a ɗauko shi cikin jiragen ruwa ta koguna da magudanai. A 1858 wani injiniya mai suna Friedrich Hoffmann ya yi rajistar wata irin matoya mai zagaye wadda wutarta ba ta mutuwa, abin da ya sa bulo ya yi araha ƙwarai. A 1872 kuma aka tsayar da awo guda: santimita 25 a tsawo, 12 a faɗi, 6 da rabi a kauri. Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne kwaɓin da aka haɗa bulon da shi. Farar ƙasa ce da yashi, farar ƙasar da ake ƙonawa daga duwatsun Rüdersdorf a gabashin birnin. Irin wannan kwaɓi yana riƙe bango shekara ɗari, amma ya fi bulon taushi. Idan bango ya faɗi, kwaɓin ne ke sakin jiki, bulo da yawa su fito lafiya. Maginan ƙarni na 19 ba su yi tunanin yaƙi ba, sun yi amfani ne da abin da ke hannunsu mai sauƙin kuɗi, amma da haka suka bar wa jikokinsu birnin da za a iya warwarewa a sake ɗinkawa.

Ga yadda aikin yake gudana. Da farko ƙwararru su ja ragowar bango da igiya ko sarƙa har ya faɗi. Sai ma'aikata su jeru daga kan tarin zuwa bakin titi, bokiti yana bin hannu zuwa hannu. A ƙasa ake rarrabewa. Ƙarfen gini da bututu da waya gefe guda, domin a miƙe su ko a narkar. Katako gefe guda, ko da yake kaɗan ne daga cikinsa ya koma rufi, galibinsa murhu ya ci, musamman a mugun sanyin 1946 zuwa 1947, lokacin da aka sare itatuwan babban lambun Tiergarten har ya zama daga wajen dubu 200 saura ƴan ɗaruruwa. Murhun ƙarfe da bahon wanka da ƙofa da taga, duk wanda ya tsira, ana ajiye shi. Shi kuwa bulo, wanda bai fashe ba, sai a ɗauke shi ɗaya bayan ɗaya, a kankare tsohon kwaɓin da ƴar guduma mai baki, a jera. Jerin ma yana da ƙa'ida: bulo 16 a kowane hawa, hawa 12, a ɗora 8 a sama, ya zama 200 cif, ta yadda mai lissafi zai ƙirga aikin yini da kallo ɗaya. Rabin bulo yana shiga gyare-gyare. Gutsattsari a kai su injin niƙa. Abin da ya rage, ƙura da ɓurɓushi, a zuba cikin ƙananan taragun ƙarfe da ke bin siririn layin dogo da aka shimfiɗa a kan tituna, wani wuri ƙaramin kan jirgi ya ja su, wani wuri mutane su tura da ƙirji.

Duk abin da littattafan aikin gini na yau suke koyarwa game da rarrabe tarkace tun a wurin aiki, kafin ya cakuɗe, yana cikin wannan tsari. Bambancin kawai, a 1945 yunwa ce ta koyar da shi.

Su wane ne suka yi aikin? A nan tarihin ya yi ƙulli. Lokacin da yaƙin ke ci, gwamnatin Hitila ba ta bar wa matan gida kwasar ɓaraguzai ba. Fursunonin yaƙi ta tura, da mutanen da aka kwaso da ƙarfi daga ƙasashen da aka mamaye, da ɗaurarrun sansanonin gwale-gwale, su ne ke tono gawa da bam bayan kowane hari. A idon Jamusawan lokacin, aikin hukunci ne. Da aka ci Jamus, sababbin masu iko suka juya hukuncin kan tsofaffin ƴan jam'iyyar Nazi, maza da mata, aka sa su kwasa ba lada ko da ɗan lada kaɗan. Amma yawansu bai isa ba. Ranar 17 ga Janairu 1946 majalisar ƙasashe huɗu masu mamaya ta ba da umarnin cewa duk namiji daga shekara 14 zuwa 65, da duk mace daga 15 zuwa 50, su yi rajista a ofishin ƙwadago, wanda ya ƙi kuwa ya rasa katin abincinsa. Ranar 10 ga Yuli na shekarar aka fito da doka mai lamba 32, wadda ta halatta ɗaukar mata aikin gini, abin da dokokin da suka gabata suka hana.

Katin abinci shi ne linzamin. A Balin an kasa mutane aji biyar. Mai aikin ƙarfi yana da giram 600 na burodi a yini, ma'aikaci 500, ma'aikacin ofis 400. Matar gida da tsoho da marar aiki suna aji na biyar, giram 300 na burodi da giram 7 na mai, har mutanen gari suka laƙaba wa wannan kati sunan katin maƙabarta. Macen da mijinta ya mutu ko yake tsare a Rasha, ga ƴaƴa ga uwa tsohuwa, idan ta shiga kwasar ɓaraguzai sai ta tashi daga aji na biyar zuwa na biyu. Ladan kansa bai taka kara ya karya ba, wajen fenik 70 ne a awa, alhali a kasuwar bayan fage karan sigarin Amurka guda yana iya cinye ladan yini. Waɗannan mata su ne aka kira Trümmerfrauen, matan ɓaraguzai. Hotunansu sun zagaya duniya: ɗankwali ɗaure a goshi, tsohuwar rigar miji, guduma a hannu.

Shekaru da dama ɗaliban Jamus suna karantawa a littattafan makaranta cewa waɗannan mata, da hannuwansu kuma da son ransu, su ne suka share ƙasar. A 2014 wata masaniyar tarihi, Leonie Treber, ta wallafa binciken da ta yi cikin kundayen birane da yawa, ta nuna labarin ya fi haka sarƙaƙiya. A Balin, inda abin ya fi yawa, matan da ke wannan aiki ba su wuce wajen dubu 26 ba a lokacin da suka fi yawa, cikin 1946, wato kaso ƙanƙane na matan birnin. A yankin Sobiyet ma an sa mata sosai. Amma a yawancin biranen yamma kamfanonin gini ne suka yi aikin da injuna da ma'aikata maza, hukumomi kuma ba su son ganin mace a kan tarin bulo. Wasu daga cikin hotunan da suka shahara shirya su aka yi. Sunan ya girma ne daga baya, kowane ɓangare da bukatarsa. Jamus ta Gabas ta mai da matar ɓaraguzai alamar mace mai aiki kafaɗa da kafaɗa da namiji. A Jamus ta Yamma kuwa sai cikin shekarun 1980 sunan ya bazu, lokacin da wata dokar fansho ta 1986 ta ba iyaye mata ladan renon ƴaƴa amma ta tsame waɗanda aka haifa kafin 1921. Masu kare tsofaffin suka ce ai waɗannan su ne suka gina ƙasar, aka gyara dokar a 1987, daga nan kalmar ta rufe dukan matan wannan tsara, wadda ta taɓa guduma da wadda ba ta taɓa ba.

Binciken ya ɓata wa mutane da yawa rai, kuma ana iya gane dalili. Amma bai rage wa matan da suka yi aikin komai ba, hasali ma ya mayar musu da abin da yabo ya ƙwace, wato gaskiyar cewa dole ce ta kai su, kuma aikin ƙazami ne mai haɗari wanda ya ci yatsu da huhu da rayuka. Abin da ya tona shi ne amfanin da labarin ya yi wa ƙasar: ya ba al'ummar da ta kunna wutar yaƙi damar tuna kanta a matsayin gwauruwa mai haƙuri, ya kuma shafe fursunonin da suka fara kwasar tun wutar ba ta mutu ba. A Balin akwai mutum-mutumin matar ɓaraguzai a lambun Hasenheide tun 1955. Ɗaurarrun da suka riga ta sun daɗe ba wanda ya sassaƙa musu dutse.

Birnin Frankfurt ya bi wata hanya dabam, wadda ba ta da hotuna masu sosa rai amma ta fi ba mai nazarin aikin gini abin koyo. A ƙarshen 1945 hukumar birnin ta haɗa kai da kamfanoni uku, Metallgesellschaft da Philipp Holzmann da Wayss & Freytag, suka kafa kamfanin sarrafa ɓaraguzai da aka fi sani da harufan TVG. A watan Disamba magajin gari Kurt Blaum ya sa hannu kan umarnin da ya mai da dukan ɓaraguzan birnin mallakar hukuma. Mataki ne mai tsauri, domin mai gida ba shi da ikon ɗibar bulon gidansa da ya rushe. Mutane sun yi gunaguni, sun ga wasu birane suna sharewa nasu kuwa yana zaune cikin kufai, masana suna ta gwaje-gwaje. Abin da ya tsayar da su wata matsala ce ta sinadari. Ɓurɓushin ɓaraguzai cike yake da farin shafen daɓe da na rufin ɗaki, wanda ke ɗauke da sinadarin farar wuta, shi kuwa idan ya haɗu da siminti sai kankare ya kumbura ya tsage bayan ƴan shekaru. Injiniyoyin Metallgesellschaft, waɗanda sana'arsu narkar da ma'adinai ce, suka gano cewa idan aka gasa ɓurɓushin da wuta mai tsanani, farar wutar tana fita, abin da ya rage ya dunƙule ya zama tsakuwa marar nauyi mai kyau ga gini. Wajen 1950 babbar masana'antar da aka gina a gabashin birnin ta kama aiki gadan-gadan, tana niƙa, tana tacewa, tana gasawa, tana buga bulo da kwanon rufi na kankare. An ƙiyasta cewa mazaunai da shaguna wajen dubu 100 aka gina da kayanta kafin a rufe ta a 1964, lokacin da abincinta ya ƙare. A 1951 ma Jamus ta Yamma ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan kankaren da ake yi da niƙaƙƙen jan bulo, kuma gidaje masu yawa na wancan zamani suna tsaye, mazaunansu ba su san abin da ke cikin bangonsu ba.

A Balin niƙaƙƙen bulo ya yi wani aiki da ba wanda ya zata. A watan Yuni na 1948 Sobiyet ta toshe duk hanyoyin ƙasa da na ruwa da ke shiga yammacin birnin, ya zama abinci da gawayin mutum miliyan 2 sai ta sama. Filayen jirgi biyu da ake da su suka kasa. Sai Faransawa suka ba da wani fili a yankinsu, a Tegel, injiniyoyin Amurka suka tsara, ma'aikata wajen dubu 19 suka shiga aiki dare da rana, kusan rabinsu mata. Ba tsakuwa ba dutse a cikin birnin da aka kewaye, don haka da ɓaraguzai aka yi gadon titin jirgin, aka daddaɓe. Cikin wata uku aka gama, jirgin farko ya sauka ranar 5 ga Nuwamba 1948, a kan titi mai tsawon mita 2400 da ɗoriya, wanda ya fi kowane tsawo a Turai a lokacin. Filin Tegel ya ci gaba da aiki har watan Nuwamba na 2020.

Duk da haka, abin da hannu da inji suka ceto bai kai abin da ya rage ba. Nan ne tuddai suka shigo. An fara da manyan hasumiyoyin kankare da gwamnatin Hitila ta gina domin harbo jirage, masu kaurin bangon da nakiya ta kasa gamawa da su. A lambun Friedrichshain Rashawa suka fasa su a 1946, aka binne da tarkace. A Humboldthain Faransawa suka gwada nasu, gefe guda ya ƙi faɗuwa, aka rufe sauran aka bar shi yana leƙe har yau. Da birnin ya rabu biyu, yammacinsa ya zama tsibiri a tsakiyar Jamus ta Gabas, ba shi da karkarar da zai kai shararsa. Ƙananan wuraren zubarwa suka cika. Sai aka tuna da wani kango a dajin Grunewald: ginin makarantar koyon fasahar yaƙi wanda Hitila da kansa ya aza harsashinsa a 1937, a matsayin somin-taɓin sabon babban birnin da shi da mai zanensa Albert Speer suke mafarki, aka kuma dakatar da aikin a 1940. Daga 1950 zuwa 1972 aka yi ta juye ɓaraguzai a kansa, mita kubik miliyan 26, wajen sulusin na birnin duka. Aka rufe da ƙasa, aka dasa itatuwa, aka yi wurin zamiya a kan ƙanƙara. Amurkawa da Ingilishi kuma suka ga babu inda ya fi shi tsawo, suka kafa tashar sauraren sirrin gabas a ƙololuwarsa, wadda ta yi aiki har bayan faɗuwar katangar Balin. Kusan kowane babban birni na Jamus yana da irin wannan tudu. Na Munik yana cikin filin da aka yi wasannin Olamfik na 1972.

A gabashin Balin hukuma ta mai da kankare bulo aikin kishin ƙasa. Daga Janairun 1952 aka yi ta kiran ma'aikata da ɗalibai su ba da lokacin hutunsu kyauta, bulon da suka tsabtace ya shiga manyan gine-ginen titin da aka sa wa sunan Stalin. Wannan hukuma mai tattalin bulo ita ce kuma a 1950 ta sa nakiya ta rushe fadar sarakunan Prusiya, wadda ta ƙone amma bangayenta suna tsaye, ta ƙara wa birnin wani tarin tarkacen da yaƙi bai yi ba. Maginan titin Stalin ɗin su ne kuma ranar 16 ga Yuni 1953 suka ajiye kayan aiki saboda an ƙara musu yawan aikin yini da kashi 10 cikin ɗari ba ƙarin lada, washegari boren ya bazu a ƙasar, tankokin Sobiyet suka murƙushe shi. A Dresden kuwa an bar tarin duwatsun babbar majami'ar Frauenkirche a inda suka zube har shekara 48. A 1993 aka fara kwashe su ɗaya ɗaya, kowane dutse da lambarsa, kuma da aka buɗe sabon ginin a 2005, dubbai daga cikinsu sun koma bango, baƙaƙe a tsakanin farare.

Da arziki ya dawo, kankare bulo ya mutu. Ladan ma'aikaci ya tashi, sabon kaya ya yi araha, babu ɗan kwangilar da zai biya mutum ya zauna yana ƙwanƙwasa bulo. Kayan ginin ma sun sake hali. Siminti, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila tun 1824, ya kori farar ƙasa daga kwaɓi, shi kuwa ya fi bulo ƙarfi, ta yadda idan aka buga, bulon ne ke fashewa kwaɓin yana manne. Aka ƙara da kankare mai ƙarfe a ciki, da roba, da gam, da fenti, da abubuwan tsare sanyi da aka liƙa wa bango. Gidan 1890 ana iya warware shi. Gidan 1970 sai dai a niƙa.

Maginin ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan bambanci. A tsofaffin unguwannin Damagaram ko Maraɗi ko Tawa, idan katangar tubali ta gaji, ana farfasa ta, a jiƙa, a cuɗa da ciyawa, ta koma tubali ko yaɓe. Azarar giginya ana zare ta a kai sabon ɗaki, ƙyaure ma haka. Ginin ƙasa kusan ba ya barin shara, ko da yake yana barin kududdufi. Bulon siminti da daɓen kankare, waɗanda suka yaɗu tun bayan buɗe masana'antar Malbaza cikin shekarun 1960, ba su jiƙuwa su koma abin da suke. Idan an rushe su, iyakarsu cike rami ko tare zaizayar ruwa a bakin lungu.

A Turai sai da wuraren zubar da shara suka ƙare kafin doka ta dawo da abin da talauci ya taɓa tilastawa. A 2008 Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta su sake amfani da aƙalla kashi 70 cikin ɗari na tarkacen gini da rushe-rushe kafin 2020. A ƙididdigar 2020 da ta 2022, Jamus tana fitar da fiye da tan miliyan 200 na irin wannan tarkace a shekara, idan an haɗa da ƙasar da ake haƙowa, wato fiye da rabin dukan sharar ƙasar. A takarda wajen kashi 90 cikin ɗari ana amfani da shi. Amma mai karatu ya lura da ma'anar amfanin: mafi yawansa cike ramuka ne da shimfiɗa gadon hanya, kaɗan ne ƙwarai yake komawa bangon gida kamar yadda aka yi a Frankfurt, balle bulo ya koma bulo kamar yadda ya fito daga hannun matan Balin.

A arewacin birnin, a wani wuri da ake kira Arkenberge, an buɗe juji a 1984 domin tarkacen gine-ginen zaman lafiya, ragowar wuraren aiki da gidajen da aka rushe da gangan don a gina wasu. A watan Janairu na 2015 masu awon ƙasa suka auna shi, suka tarar ya ɗara Tudun Shaiɗan tsawo. Tun daga ranar shi ne wuri mafi bisa a Balin.